Yadda zaka wanke firam ɗin tagar alminiyam a gida ba tare da ka kashe mata fuska ba

Tagar alminiyam bata tsatsa, shi yasa mutane da yawa suka ɗauka bata buƙatar komai, a kafa ta kawai a manta da ita. To a Kano dai hakan baya yiwuwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce, ana gama wannan sai iskar hadarin farkon damina mai taso da jar ƙasa da ledoji, in kuma gidanka a bakin babban titi yake irin titin Zariya ko titin Katsina to ga hayaƙin manyan motoci da na adaidaita sahu, duk wannan a cikin layin ƙasan tagar yake zuwa ya kwanta. Shekara ɗaya biyu sai kaga tagar da ake turawa da ɗan yatsa ta koma sai an sa hannu biyu ana kokawa da ita tana wani ƙara mai tada tsigar jiki, damina na zuwa ruwa ya dinga biyo bango ta ciki fenti yana kumbura, a ce ai mai alminiyam ne ya yi ha'inci. Wani lokacin ha'incin ne, amma mafi yawa datti ne kawai ya toshe ko'ina.

Kafin ka taɓa komai ka fara duba wace iri ce taka. Yawancin waɗanda ake kafawa yanzu iri biyu ne, akwai mai fenti wanda aka fesa masa garin fenti aka gasa shi a kamfani, shine zaka gani fari ko ruwan ƙasa ko toka-toka, sannan akwai wanda ba fenti bane, an rina fuskar ƙarfen ne da lantarki, yana zuwa ruwan azurfa ko ruwan tagulla ko baƙi kuma yana da wani ɗan sheƙi na ƙarfe. Tsofaffin gidaje kuma zaka samu tsuran alminiyam wanda ba a yi masa komai ba, shine yake dusashewa yana fitar da wani farin gari in ka shafa. Abin da ya haɗa su duka shine kariyar da ke fuskarsu siririya ce ƙwarai, in ka kankare ta ta tafi kenan, babu sabulun da zai dawo da ita.

Anan ne uwargida take yawan samun matsala, don an saba da tukunyar alminiyam, a samo toka da yashi da soson ƙarfe a dirje ta har ta dinga ɗaukar ido. Taga ba tukunya bace. Tukunya kaurin jikinta ake ci kuma babu wanda ya damu da zane a gindinta, ita kuwa taga kana dirzarta da soson ƙarfe zane zai fito, ƙura ta samu wurin zama a cikin zanen, daga ranar ta fi da saurin yin datti. Don haka soson ƙarfe a'a, yashi a'a, toka a'a, kanwa ma a'a. Soda irin wadda ake haɗa sabulu da ita kuwa ita ce babbar abokiyar gabar alminiyam, cin sa take yi a zahiri har kaga yana kumfa. Hypo yana sa masa tabo da ƙananan ramuka, Harpic da asid ɗin da masu tayil suke wanke ƙasa da shi suma ƙona shi suke. Kuma don Allah kar a haɗa Hypo da khal ko lemon tsami wai don ya ƙara ƙarfi, iskar da ke tashi daga haɗin guba ce, a ɗaki rufe tana iya kwantar da mutum.

Kayan da ake buƙata duk suna gida. Bokiti biyu, ɗaya na ruwan sabulu ɗaya na ɗauraya, sabulun ruwa na wanke kwanuka irin su Morning Fresh, buroshin fenti busasshe mai faɗin inci 2, tsohon buroshin goge baki, soso mai laushi, tsummokara masu tsafta kamar uku ko huɗu, tsohuwar singileti ta auduga ta fi komai daɗin aiki, tsinken tsire ko tsinken tsintsiyar kwakwa, buta ko robar ruwa da ka huda murfinta, sai farin khal ko lemon tsami, da ɗan guntun kyandir. In kana da asma ko atishawa bata yi maka wuya ka sa takunkumi, ƙurar da zata tashi ba kaɗan bace.

Lokaci ma yana da muhimmanci. Kar ka yi aikin da tsakar rana musamman a Maris zuwa Mayu da zafi ke haura digiri 40, firam ɗin da rana ta buga yana ɗaukar zafi sosai, kana shafa ruwan sabulu zai bushe nan take ya bar maka zane-zanen da ya fi dattin farko muni. Da sassafe ko bayan la'asar, ko ka bi inuwa, tagogin yamma da safe na gabas da yamma. Asabar ɗin ƙarshen wata da ake tsaftar muhalli ba fita daga ƙarfe 7 zuwa 10 ta dace da wannan aikin sosai, tunda dama kana gida yara ma suna gida.

Wani abu kuma da ake mantawa, gidaje da yawa ta taga ake shigo da wayar janareto ko ta sola ko ta dish, murfin tagar yana ta datse ta har fatarta ta ɗaye. Wutar lantarki tana bin jikin alminiyam, ga ka da jiƙaƙƙen hannu ƙafa a ƙasa ba takalmi. Ka duba wayar, ka kashe wutar, ka zare duk wata soket da ke kusa da tagar tukunna.

Mataki na farko, kuma wallahi shine rabin aikin: a bushe ake fara kwashe ƙura, ba da ruwa ba. Mutane da yawa bokiti suke ɗauka su watsa, ƙurar hunturu kuwa laushi gareta, ruwa na taɓa ta ta zama taɓo ta gangara cikin lunguna da cikin 'yan tayoyin da murfin tagar ke gudu a kansu da ramukan fitar ruwa ta bushe a can ta yi tauri, ka zo kana neman yadda zaka fito da ita. Sannan akwai yashi a cikinta, in ka goga da jiƙaƙƙen tsumma yashin ne yake zana fentin. Don haka cire labule, shimfiɗa tsohuwar jarida ko buhu a ƙasan tagar, ɗauki buroshin fentin nan ka fara daga sama, saman firam, gefe da gefe, yanar gizo da ke kusurwa, sannan ka sauko layin ƙasa. Tura murafan duka gefe ɗaya ka share rabin layin, ka mayar da su ɗaya gefen ka share sauran. Kusurwa inda buroshi baya kaiwa ka sa tsinke ka tono, zaka sha mamakin abin da zai fito, matattun ƙudaje, kashin tsaka, ɓawon gyaɗa, fil ɗin ɗankwali, har kuɗin da yara suka jefa. Kar dai ka zura yatsa a lungun da baka gani, gidan da ke kusa da kango ko fili ana samun kunama. Mai injin zuƙar ƙura ya huta, amma bulawa mai hurawa in zaka yi amfani da ita ka hura daga ciki zuwa waje, in ba haka ba ka cika ɗaki.

Na biyu, raga. In mai zamewa ce ɗaga ta sama kaɗan ka jawo ƙasanta, zata fito. Kai ta tsakar gida, kakkaɓe ta da buroshi, jingina ta a bango ka wanke da soso da ruwan sabulu a hankali ba dannawa, don ragar da ta sha rana tana saurin yagewa ko ta zame daga robar da ta riƙe ta. Ɗauraye ka barta ta bushe a inuwa. Wanke firam a bar raga da ƙura aikin banza ne, iska ɗaya zata dawo maka da komai.

Murafan gilashin suma haka ake cire su, a ɗaga sama a jawo ƙasa, amma wasu an sa musu ɗan sukuru ko roba a sama don kar ɓarawo ya ɗaga daga waje, sai an kwance shi. Wani gidan kuma ƙarfen buglari ya tare ba hanyar fitar da su. In bai fito da sauƙi ba ka ƙyale shi, kar ka sa sukundireba kana ɓanɓara, firam ɗin lanƙwashewa yake kuma baya komawa daidai. Babban murfi mutum biyu ne, gilashi ya fi yadda ake zato nauyi. In kun cire ku yi alama da alli wanne ne na ciki wanne ne na waje, saboda makullin. A bene kuwa ni ban ba da shawarar a cire ba sam, kuma ba a leƙa rabin jiki waje ana miƙa hannu, abin da hannu bai kai ba daga ciki a barwa mai tsani.

Na uku, wankin kansa. Ruwa mai ɗumi kamar lita 5, sabulun ruwa cokali 1 ko 2, ya isa, yawan kumfa wahalar ɗauraya kawai yake jawowa, ga ruwan ma siyansa ake a wajen 'yan garuwa. Omo zai iya yi in babu wani amma ka narkar da shi sosai ya zama tsarara kuma ka ɗauraye da wuri, don ya fi sabulun kwanuka kaifi. Tsoma soso ka matse, ka bi firam daga sama zuwa ƙasa, kana bin tsawon ƙarfen ba kana zagaye-zagaye ba. Ka yawaita wanke soson a bokiti na biyu, ruwan na yin ja ka zubar ka sake, kar ka yi ta mayar da laka kan abin da ka wanke. Gefe ɗaya zaka gama ka ɗauraye ka tsane da busasshen tsumma kafin ka koma na gaba.

Layin ƙasa shi ke cin lokaci. Ɗiga masa ruwan sabulu ka barshi kamar minti 5 dattin da ya daskare ya jiƙa, sai ka bi da buroshin goge baki, sannan ka naɗa tsumma a kan tsinke ko bayan cokali ka zura cikin kwarin ka ja daga wannan ƙarshe zuwa wancan, ka juya tsumman ka sake har sai ya fito ba baƙi. Wannan baƙin da kake gani ba duka datti bane, har da garin alminiyam da taya take gogewa in yashi ya shiga tsakaninsu, ma'ana duk ranar da ka tura tagar a kan yashi kana cinye layin ne kaɗan-kaɗan.

To yanzu ga wurin da kusan kowa yake tsallakewa. Leƙa ƙasan firam ta waje, zaka ga wasu ƙananan ramuka ko 'yar tsaga guda biyu ko uku. Ba kuskuren maƙeri bane, hanyar fitar ruwa ce, ruwan saman da ya bugi gilashi ya gangaro cikin layi ta nan yake fita waje. Ƙura tana toshe su, zanzaro ma yana son gina ɗakinsa na laka a ciki, wani lokacin kuma mai filasta ko mai fenti ne ya shafe su tun ana gini, wasu ma da hannunsu suke liƙewa wai sauro na shigowa ta nan. In suka toshe layin ya cika ya tumbatsa cikin ɗaki, shine kake ganin bangon ƙasan taga ya jiƙe a watan Agusta. Sa tsinke ka buɗe su, sannan ka gwada, zuba ruwa da buta a cikin layin a hankali wani ya tsaya a waje ya gani ko yana fita. In ruwan ya kwanta baya tafiya ka sake tonowa. In ka duba ko'ina babu ramin kwata-kwata, to wannan aikin mai alminiyam ne, ya zo da injin huda ya yi maka, minti kaɗan ne.

Robar da ta zagaye gilashi da wannan siririn gashi-gashin da ke gefen murfi mai tare ƙura, ruwan sabulu da tsumma kawai, gashin kuma ka taje shi da busasshen buroshi. Kar kananzir ko fetur ya taɓa robar, kumbura take daga baya ta tsattsage.

Sai tabon da sabulu ya kasa. Farin tabo mai kama da gishiri yawanci ruwan rijiya ne ko na bohol da ya bushe a jiki, ko kuma ruwan da ke ɗigowa daga filasta. Haɗa farin khal da ruwa rabi da rabi, ko ka matse lemon tsami 2 a kofi ɗaya na ruwa, jiƙa tsumma ka ɗora a wurin minti 2 zuwa 3, goge, ɗauraye sosai da ruwa mai kyau. Kar ka barshi ya bushe a kai, kar kuma ya zuba a kan marmara ko dutsen da aka shimfiɗa a bakin taga don tsami yana cinsu. Ko wane haɗi ne ka fara gwadawa a lungun da ba a gani. Tsuran alminiyam ɗin tsofaffin gidaje da ya yi fari-fari shima wannan haɗin ne, zai yi haske amma kar ka sa ran zai koma sabo.

Jan tabo kamar tsatsa ba daga alminiyam yake ba, daga ƙarfen buglari ne ko sukurun ƙarfe da aka ɗaure firam da shi, ruwa ya wanko tsatsar ta zubo. Lemon tsami yana rage shi, amma in baka goge buglarin ka yi masa fenti ba ko ka canza sukurun zuwa wanda baya tsatsa, damina mai zuwa zai dawo. Tagar kicin kuma maiƙo ne ya haɗu da ƙura ya zama danƙo, ruwan ya ɗan fi ɗumi, sabulun ya ɗan fi yawa, a jiƙa a jira a goge, sau biyu ko uku, haƙuri yake so ba ƙarfi ba.

Masu sabon gida ku naku daban ne. Siminti yana ƙona fuskar alminiyam tun yana ɗanye, shi yasa ya kamata a wanke shi a ranar da ya fallatsa. In ya riga ya bushe jiƙa shi da tsumma mai ruwa ya daɗe a kai, sannan ka ture shi da katako mai laushi ko tsohon katin waya na roba, banda wuƙa banda reza banda cokalin magini. Ƙasan inda ya zauna zai iya barin dusashen tabo, wannan ya riga ya ci, kar ka wahalar da kanka kana dirza ka ƙara faɗaɗa shi. Fentin ruwa da ya ɗiga ruwan ɗumi yana tausasa shi, fentin mai kuma ɗan kananzir a bakin tsumma a dangwala a wurin kaɗai sannan a bi da sabulu. Tina, wato ruwan da ake tsinka fentin mai da shi, tana kashe sheƙin firam mai fenti, ka hana mai fenti goge maka taga da ita. Sai wannan ledar da kamfani ke liƙawa a jikin firam mai rubutu, wasu barinta suke shekara da shekaru wai don a san tagar sabuwa ce, ranar Kano kuwa gasa ta take har gam ɗin ya kama ƙarfen ledar ta dinga ɓarewa guntu-guntu. Ana gama filasta da fenti a ɗaye ta. Wadda ta riga ta kama, ɗaye ta lokacin da rana ta ɗan ɗumama ta, ragowar gam ɗin ɗan kananzir da tsumma, sannan sabulu.

Gilashi a ƙarshe ake yinsa tunda duk ruwan firam a kansa yake zuba. Ruwa da ɗan khal, a goge da tsumma a tsane da busasshe ko jarida. In gilashin leda mai duhu aka manna masa ba daga kamfani ya zo da launinsa ba, tsumma mai laushi kawai, reza ko jarida mai kaushi zasu zana ta.

Bayan komai ya bushe ƙarau sai maganar santsi. Anan ma ana ɓarna, wani ya zuba baƙin mai, wani man gyaɗa, wani basilin, ranar farko tagar tana gudu kamar me, bayan sati biyu man ya kama duk ƙurar unguwa ya zama baƙar laka ta cushe tayoyin. A garin ƙura busasshen abu ake so, goga guntun kyandir sama-sama a kan layin da taya take bi, ko in kana da hali ka sayi feshin silikon a wajen masu kayan mota, ka fesa a tsumma ka shafa, ba ka fesa kai tsaye ya malale ba. Makulli da hinjin taga mai buɗewa waje ɗigo ɗaya na man keken ɗinki ya isa, ka goge abin da ya fito. Firam mai fenti in kana so ya yi sheƙi kuma ƙura ta rage kama shi, ɗan folish ɗin mota mara kaushi sau ɗaya a shekara. Mayar da murafai, mayar da raga, tura ka ji.

Sau nawa? Babban wanki irin wannan sau biyu a shekara ya wadatar a yawancin unguwanni, ɗaya bayan hunturu ya wuce kafin ruwan farko, wajen Afrilu zuwa Mayu, shine mafi muhimmanci saboda ramukan ruwa, ɗaya kuma bayan damina ta ɗauke wajen Oktoba. A cikin hunturu kuwa kar ka ɓata ruwanka, buroshi busasshe a layin ƙasa duk sati shikenan, ko yaro zai iya. Gidan da ke bakin titi mara kwalta ko kusa da masana'antu irin Sharaɗa da Bompai sai an ƙara a kan haka.

In ka yi duk wannan tagar bata daina tirjewa ba, ko tana jan ƙasa ta gefe ɗaya, to taya ce ta cinye ko ta fashe, roba ce dama kuma yashi ke kashe ta. Wasu tayoyin suna da sukuru a gefen murfi da ake ɗaurewa a ɗaga ta kaɗan, gwada wannan tukunna. In bai yi ba a canza, ba abu ne mai tsada ba kuma ba sai an sauke tagar duka ba, kar wani ya ce maka sai sabuwa. Ana samun tayoyi da roba da gashin gefe da makulli a wajen masu kayan gini a Ƙofar Ruwa ko Sabon Gari, amma ka cire tsohuwar ka tafi da ita a aljihu don girmansu ya bambanta, kuma ka sayi biyu ka canza duka na murfin lokaci ɗaya, in ka canza ɗaya ka bar ɗaya murfin karkacewa zai yi makullin ya ƙi shiga.